Mafin na kasko da injin burodi: daga kwaɓi har zuwa faranti

Duk wadda take da injin burodi a gida ta san ƙorafin da ake yi da shi. Burodin da yake gasawa dunƙule ne mai ɓawo mai kauri, ga rami a gindi inda ƙarfen juyi ya zauna, kuma yaran Yamai da suka tashi da doguwar baget ta safe ba ko da yaushe suke maraba da shi ba. Shi ya sa injin yakan ƙare a saman kabad, ƙura tana hawa. Amma gwanintar wannan inji ba a gashi take ba, a kwaɓi take. Yana iya murza kwaɓi mai ruwa-ruwa, mai danƙo, irin wanda hannu yake gudu, kuma irin wannan kwaɓin shi ne asirin mafin na kasko.

Mafin ɗin da nake nufi ba kek ɗin nan mai zaƙi ba ne da ake gasawa cikin kofin takarda. Ƙaramin burodi ne kewayayye, faɗinsa kamar tafin hannu, sama da ƙasa sun gasu sun yi ja, gefensa fari ne mai laushi, cikinsa kuma ramuka ne birjik waɗanda man shanu yake narkewa ya kwanta a ciki. Asalinsa daga Ingila ne, amma a Amurka ya yi suna bayan da wani mai gashi, Samuel Bath Thomas, ya bar Ingila ya sauka New York a 1874, ya buɗe gidan burodinsa a 1880. Injin burodi na gida kuwa sai a 1986 ya fito a Japan, wato mafin ya girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne ba ya buƙatar tanderu ko kaɗan. Kasko da ƙaramar wuta sun wadatar.

Kayan da za ki tanada

Wannan awon na mafin 12 ne, kuma ya dace da injin da yake ɗaukar burodi mai nauyin giram 750 zuwa kilo 1:

- fulawa giram 500, wato rabin fakitin kilo ɗaya
- ruwa mililita 330
- garin madara giram 40, kimanin babban cokali 5
- ƙwai 1
- bota ko man shanu giram 30, babban cokali 2
- sukari giram 20, babban cokali ɗaya da rabi
- gishiri giram 9, cokalin shayi ɗaya da rabi
- busasshen yis mai saurin tashi giram 6 zuwa 7, cokalin shayi 2
- tsakin masara mai laushi, na barbaɗawa

Maganar fulawa tana son tsayawa. Idan ta fakiti ce irin wadda ake rubuta lamba a jiki, ki nemi T55 ko T65. T45 ta fi dacewa da kek. Idan kuma ta buhu ce da ake aunawa a kasuwar Wadata ko ta Katako, ki ce wa mai shago ta burodi kike so, ki kuma sansana ta kafin ki biya. Fulawar da ta daɗe a zafi tana da wani wari na tsohon mai, kuma babu abin da zai ɓoye shi bayan gashi. Ki tankaɗe ta, ko don ƙwari.

Yis ma zafi yana kashe shi a ajiye. Fakitin da aka buɗe aka bar shi a kan kanta wata biyu, ki ɗauka ya raunana. Gwajinsa ba wuya: ki ɗiba kaɗan daga ruwan da kika auna, ki ɗumama shi, ki sa ɗan sukari da yis ɗin, ki jira minti 10. In ya yi kumfa ya taso, yana da rai, sai ki juye shi duka a cikin kwaɓin. In ya kwanta shiru, kada ki yi asarar fulawarki a kansa.

Man shanu na gida yana yi, kuma ni na fi son ƙamshinsa a kan bota ta gwangwani, sai dai a soya shi tukuna ya huce don ƙarnin ya fita. Mai son ɗan tsami-tsami na iya rage ruwan zuwa mililita 180, ta cire garin madara, ta sa kindirmo mililita 170 a madadinsu.

Kafin ki jona injin

Ki duba bayansa ko gindinsa, inda aka rubuta ƙarfin wutar da yake ɗauka. Wutar Nijar bolt 220 ce. Injin da aka zo da shi daga Faransa ko Dubai ba shi da matsala, amma wanda ƴar'uwa ta aiko daga Amurka na bolt 120 ne, in kika jona shi kai tsaye ya ƙone nan take. Wannan sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Sannan ki tabbatar ƙarfen juyi ya zauna daram a kan sandarsa a cikin bokitin injin, wato mazubin kwaɓi, domin in kika tuna da shi bayan an zuba komai, sai kin sa hannu cikin ƙwai da fulawa kina lalube.

Zuba kaya da kwaɓawa

Ki ciro bokitin daga injin ki ɗora a kan tebur, kada ki zuba kaya yana ciki, don garin da ya zube a kan ƙarfen zafi yana ƙauri daga baya. Ruwa ne farko, sai ƙwai da kika ɗan kaɗa, sai mai. Ki bi da fulawa ta rufe ruwan gaba ɗaya, ki zuba garin madara a kai. Gishiri a kusurwa ɗaya, sukari a wata. Ki yi ɗan gurbi a tsakiyar fulawar da yatsa, ki zuba yis. Dalilin wannan jeri shi ne kada yis ya haɗu da gishiri ko ruwa kafin injin ya fara aiki. Wasu injuna, kamar wasu na Panasonic, suna so a fara da yis a ƙasa. In naki haka takardarsa ta ce, ki bi ta.

Ɗumin ruwan kuma ya danganta da lokacin da muke ciki, kuma nan ne girke-girken da aka rubuta a ƙasashen sanyi suke ɓatar da mutane. Su suna cewa a ɗumama madara. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, ruwan famfo kansa ya fi ɗumin da ake buƙata, ga injin yana ƙara nasa zafin wajen murzawa. A irin wannan lokaci ruwan firigo za ki sa, ko na randa mai sanyi. Da hunturu ne kawai, Disamba da Janairu, za ki nemi ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda in kika tsoma yatsa ba ki ji zafi ba, ba ki ji sanyi ba. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe yis gaba ɗaya.

Ki mayar da bokitin, ki zaɓi tsarin kwaɓi kawai, ba na gashi ba. A injunan da rubutunsu Faransanci ne za ki ga Pâte ko Pâte levée, a na Ingilishi kuma Dough. Yawanci yana ɗaukar awa ɗaya da rabi: kimanin minti 20 zuwa 30 na murzawa, sauran na tashi.

Kada ki danna ki tafi. Bayan minti 5 ki ɗaga murfin ki leƙa, babu abin da zai lalace. Abin da kike so ki gani shi ne kwaɓi mai laushi da ya haɗe, yana zagayawa amma gindinsa yana manne da ƙasan bokitin, in kika taɓa shi ya kama miki yatsa. A nan ne yawancin mutane suke ɓata mafin, domin ido ya saba da kwaɓin cincin mai tauri, sai hannu ya kai ga fulawa. Ki daure. Ruwan nan ne yake zama tururi a kan kasko ya buɗe ramukan da ake nema. Kwaɓin da ya dunƙule tamau yana buga bangon bokiti ƙwas-ƙwas ya yi tauri. Ki ƙara ruwa babban cokali ɗaya, ki jira minti biyu, ki sake dubawa. In kuwa ya zama kamar kunu, bai haɗe ba sam, ki ƙara fulawa cokali ɗaya-ɗaya. Da hunturu fulawa tana bushewa ta ƙara shan ruwa, da damina kuma tana zuwa da laimarta, don haka awon da ya yi daidai a Janairu yana iya yin ruwa a Agusta. Ki kankare garin da ya maƙale a kusurwa da cokalin roba.

Tashi: ki duba kwaɓin, ba agogon injin ba

Injin bai san a Yamai yake ba. An tsara lokacinsa ne don ɗaki mai digiri ashirin da ɗoriya. A bazara kwaɓin yana iya ninkawa biyu cikin minti 35 ko 40 bayan an gama murzawa, kuma in kika jira ƙarar injin, za ki tarar ya taɓa murfi, ya faɗa, yana warin tsami mai hawa kai. Kwaɓin da ya wuce lokacinsa ba ya sake tashi da kyau a kan kasko, mafin ɗinsa yakan fito a baje, fari fat, domin yis ya cinye sukarin da zai sa shi ja. Saboda haka da zarar ya ninka, ki kashe injin ki ciro bokitin, ko saura minti nawa.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba abin tashin hankali ba ne. Injuna da yawa suna riƙe inda suka tsaya na ƴan mintoci. In wutar ta daɗe kuma an riga an gama murzawa, ki rufe bokitin da tsumma mai laima, zai tashi da kansa. In ba a gama ba, ki juye a roba ki buga da muciya na minti 8 zuwa 10.

Akwai hanyar da na fi so, musamman tunda abincin safe ne, kuma ba kowa zai tashi da asuba ya jira kwaɓi ba. Ki kwaɓa bayan sallar isha'i. Da injin ya gama murzawa ki juye kwaɓin a robar da kika shafa wa mai, mai girman da zai ba shi wurin tashi, ki rufe ki sa a firigo ya kwana, awa 8 zuwa 12. Sanyi yana rage wa yis gudu, ɗanɗano yana ƙaruwa, ramuka suna fi girma, kuma kwaɓi mai sanyi ya fi daɗin sarrafawa. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne maɓallin jinkiri, wanda ake zuba kaya da dare injin ya fara da kansa da asuba. Ƙwai da madara ba sa kwana a zafin nan su wayi gari lafiya.

Yankawa

Ki barbaɗa fulawa a kan tebur, ki juye kwaɓin a hankali, ki barbaɗa kaɗan a samansa. Kada ki sake murza shi, kada ki naushe shi. Iskar da ke ciki ita kika sha wahalar tarawa.

Hanya biyu ce. Ko dai ki baje shi da tafin hannu har kaurinsa ya kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ki yanka da bakin kofi ko gwangwanin da kika cire wa kai, mai faɗin santimita 8 ko 9, kina tsoma bakin a fulawa kafin kowane yanka. Ki danna kai tsaye, kada ki murɗa, murɗawa tana liƙe gefen ya kasa tashi. Ko kuma ki raba kwaɓin gida 12, kowanne kimanin giram 80, ki naɗe gefunan zuwa ƙasa ya zama curi, sannan ki danne shi ya yi faifai. Ta farko ta fi ba da siffa mai kyau, amma tana barin guntaye, kuma mafin ɗin da aka sake haɗawa daga guntaye kullum ya fi sauran tauri. Ta biyu ba ta barin komai, ita nake bi.

Ki barbaɗa tsakin masara sosai a kan tire, ki jera su da tazarar yatsa biyu, ki barbaɗa a samansu. Tsakin nan ba ado ba ne. Shi yake hana mannewa, kuma yana ɗan ɗaga kwaɓin daga ƙarfen kasko don kada ya ƙone da wuri. In babu na masara, na gero ko na shinkafa yana yi. Fulawa zalla ce ba ta yi, tana ƙonewa ta yi ɗaci.

Ki rufe da tsumma mai tsabta su huta. Minti 15 zuwa 20 a lokacin zafi, minti 30 zuwa 40 da hunturu ko in daga firigo kwaɓin ya fito. Da hunturu ki ɗan jiƙa tsumman ki matse, in ba haka ba iska za ta busar da samansu ya tsage. Ba ninkawa ake so su yi ba, ɗan kumbura kawai. Ki danna gefen ɗaya da yatsa: in gurbin ya dawo sannu a hankali bai cika ba, sun isa.

Kasko da wuta

Duk abin da ya gabata shiri ne, a nan ake ci ko a faɗi. Mafin yana da kauri, kuma zafi ta fuska ɗaya kawai yake shigarsa. In wuta ta yi yawa, waje ya ƙone cikin minti uku, ciki kuwa ɗanye sharaf.

Ki nemi kasko mafi kauri da kike da shi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, da murfin da zai rufe shi. Na baƙin ƙarfe ya fi kowanne. Tandar masa ba ta yi saboda gurabenta. In kaskonki na sanholo ne marar kauri, ki ɗora wani faifan ƙarfe a kan wutar tukuna, sannan ki ɗora kaskon a kansa. A kan gas, ki mayar da harshen wutar ƙarami iyakar yadda zai tsaya bai mutu ba. A kan gawayi, ki bari ya ruru ya zama garwashi, ki baje shi, ki yayyafa toka a kai. Ki bar kaskon ya yi zafi a hankali na minti 5, ba mai ko ɗigo. Zafin da ake nema wajen digiri 150 ne. Gwajinsa: ki watsa ɗan tsakin masara. In ya yi baƙi yana hayaƙi nan da nan, ki sauke kaskon ya huce. In ya ɗauki kusan minti ɗaya kafin ya fara ja yana ƙamshi, daidai ke nan.

Ki ɗauki mafin da faffaɗan cokali, ba da yatsu ba, don kada ya sace. Ki fara da guda ɗaya tak na gwaji, shi zai gaya miki halin wutarki. Bayan haka ki riƙa sa uku ko huɗu, gwargwadon faɗin kaskon, da sarari tsakaninsu domin za su ƙara kumbura. Ki rufe. Murfin yana tara zafi ya dafa gefe da ciki.

Bayan minti 4 ki ɗaga gefen ɗaya ki leƙa ƙasansa. In har ya yi ja sosai, wutar ta yi yawa. Ya kamata ya kai minti 7 zuwa 8 kafin ya yi launin ƙasa-ƙasa mai kyau. Sai ki juya a hankali, ki ɗan danna samansa da bayan cokali sau ɗaya, kaɗan, don fuskar ta kwanta. Ki goge ruwan da ya taru a cikin murfin kada ya ɗiga musu, ki mayar amma ki bar ɗan gefe a buɗe. Fuska ta biyu minti 6 zuwa 7. Tunda tsakiyar kasko ta fi gefe zafi, ki riƙa musanya musu wuri.

Sanin nuna yana gefe, ba a fuska ba. Ki matsa gefen da yatsa biyu: nunanne yana dawowa, ba ya sheƙi, ba ya danƙo, kuma in kika ɗaga shi za ki ji ya yi sakayau. Mai ma'aunin zafi na abinci ta soka a tsakiya, digiri 90 zuwa 93 ake so. In fuskokin sun gama ja amma gefe da saura, ki jingina su a tsaye jikin bangon kaskon kina juyawa, ko ki tara su a gefe guda a rufe, wuta can ƙasa, na ƙarin minti 5. Tsakanin zubi da zubi ki share tsohon tsakin da ya ƙone da tsumma busasshe, ki zuba sabo.

Kaskon yana ƙara zafi yayin da ake tafiya, don haka zubi na uku ya fi na farko saurin ja. Su kuma waɗanda suke jira a tire suna ci gaba da tashi. In rana ta yi zafi, ki sa rabin tiren a firigo har layinsu ya zo, ko ki kunna kasko biyu.

Tsagawa da ci

Ki jera su a kan abin da iska za ta shiga ƙarƙashinsa, rariya ma ta isa, su huta aƙalla minti 20. Na san ƙamshin zai tara miki yara a bakin madafa, amma mafin mai zafi cikinsa bai gama kamawa ba, in aka buɗe shi sai a ga kamar ɗanye ne alhali ya nuna.

Kada ki sa wuƙa. Wuƙa tana shafe ramukan. Ki soka cokali mai yatsu a gefe, ki zagaya da shi kina sokawa har ki dawo inda kika fara, sannan ki buɗe da hannu. Ki kifa ɓangarorin biyu a kan kasko mai zafi, wannan karon da wuta sosai, da ɗan man shanu ko babu, minti ɗaya zuwa biyu har tsinin ramukan su yi ja su yi ƙaras-ƙaras. Mafin da ba a yi wa wannan gashi na biyu ba bai kammala ba, kuma shi ne yake gyara wanda cikinsa ya ɗan rage nuna.

Abin sawa a ciki kuwa, bota da zuma sun isa da shayi. In ana son abin da zai riƙe ciki har azahar, ki soya ƙwai da albasar Galmi da tattasai irin na mai shayi, ki naɗe shi daidai faɗin mafin ɗin. Kilishi da aka ɗan turara ya yi laushi yana shiga, haka markaɗaɗɗiyar gyaɗa ga ƴan makaranta, haka ragowar kwaɗon zogalen jiya.

Tunda babu maganin hana lalacewa a cikinsa, kwana biyu ne iyakarsa a waje cikin leda ko roba mai murfi, da damina ma ki duba shi tun a rana ta biyu saboda fumfuna. Kada ki rufe shi da sauran ɗumi, gumi zai jiƙa shi. In kina son na mako guda, ki tsaga su da cokali mai yatsu tun yanzu, ki mayar da kowanne a haɗe, ki sa a leda ki jefa a gidan ƙanƙara. Da safe ki ciro adadin da ake buƙata, ki raba, ki kifa a kasko kai tsaye da murfi a kai na minti biyu, sannan ki buɗe ki bari su yi ja.